Ba motar ce abin kallo ba

Allah Ya yi wa yarinyar nan da ta lashe musabaƙar izu sittin albarka. Abin da ya dame ni, kowa zancen motar da aka ba ta yake, ba mai tambayar shekara nawa ta yi tana tilawa. A ƙauyenmu, gefen Ringim, akwai alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa, ko keke bai mallaka ba. Limaman yankin nan a gabansa suka wanke allo. Ai Suratul Kahfi ta faɗa, dukiya da 'ya'ya adon rayuwar duniya ne. Don Allah 'yan jarida, ku leƙo tsangayu ku ji ta bakin irinsu.