Kankanar Goggo da Galileo

Kawu ne ya ja, da ya ce a gaban mutane wai abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa, kuma ko jaririn da aka haifa jiya ya san haka. Ni kuwa lokacin na dawo hutu ƙauyenmu da ke gefen Ringim, kaina cike da fizis, bakina na ƙaiƙayi.

Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, tare suke saukowa. Kusan shekara 400 ke nan da wani ɗan Italiya mai suna Galileo ya nuna haka." Na ɗora da bayanin da masanin Ingila Newton ya fitar a 1687: gaskiya ne ƙasa ta fi jan mai nauyi da ƙarfi, amma shi mai nauyin ya fi wuyar motsawa, sai lissafin ya tashi canjaras. Duk abin da aka saki, dutse ne ko tsakuwa, gudunsa na ƙaruwa da kusan kilomita 35 a awa cikin kowace daƙiƙa.

Kawu ya gutsiri goro ya ce, "To ɗan boko, gani ya kori ji."

Nan da nan yara suka ɗauko tsani suka jingina a jikin soro. Na karɓi goruba a hannun wani yaro, a zaure kuma na tarar da wata shirgegiyar kankana zaune ita kaɗai, za ta yi kilo 5. Ban tambayi mai ita ba, domin kimiyya ba ta jira. Da ƙyar na hau da ita, hannu ɗaya a tsani, ɗaya rungume da ita, matakalar ƙarshe na ƙara. Ina isa sama, maimakon in huta, sai na buɗe musu darasi. Na ce wahalar nan da na sha ba ta tafi a banza ba, tana nan ajiye a jikin kankanar. Rufin ya kai mita 3 da rabi, in na ɗaga hannu ta kai mita 5 daga ƙasa, wato ƙarfin da ke kwance a cikinta kusan jul 245 ne (jul shi ne ma'aunin irin wannan ƙarfi a fizis), kuma da na sake ta ƙasa za ta karɓi kayanta cikin daƙiƙa ɗaya.

Kawu ya matso dab da gindin bango don ya gani da kyau. Ranar Juma'a ce, farar shadda ce a jikinsa, sabon guga.

Na saki.

Wallahi tare suka dira, ni da ke sama na gani da idona. Sai dai gorubar ta yi tsalle ta gangara abinta, kankanar kuwa ta yi bindiga. Jan ruwa tun daga takalmin Kawu har hularsa, ƙwallaye uku manne a gemu. Na ce, "Kawu, ka gani ko?" Ya ce shi bai ga komai ba, ya rufe ido. Yaran da na dogara da su a matsayin shaidu kuwa tuni sun duƙufa kan wawason ɓawo.

Yana share fuska ya tsinci gashin kaza a ƙasa, ya ba yaro ya miƙo mini tare da gorubar. Ya ce in sake su, tunda na ce nauyi ba ya magana. Na saki. Goruba ta dira, gashin ya tsaya yawo, har iska ta tsallakar da shi gidan maƙwabta. Majalisa ta tuntsire da dariya. Na yi ta rantsuwa cewa iska ce ta tare shi, kuma a 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin shaho a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare.

Kawu ya ce, "Madalla. Ranar da za a koma sai ka biya mana kuɗin mota."

Ana cikin haka Goggo ta leƙo. Ashe kankanar ta surukanta ce da za su iso daga Hadeja bayan la'asar. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta sa yara suka kinkimi tsanin suka shige da shi cikin gida. Ta ce in kuɗin kankana ya sauko, tsani zai fito.

Aljihuna babu ko sisi. Rana ta take, rufin ya ɗauki zafi, na leƙa ƙasa na sake lissafi: nauyina kilo 60 a mita 3 da rabi, sama da jul 2,000, ga kuma abin da 245 ta yi nan ƙudaje na bi.

Kawu ya fito da wata rigar zai tafi masallaci. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai da ka ce daƙiƙa ɗaya ce, me kake jira? Diro mana, kada ka rasa huɗuba."