Kafin Ka Ce "A Kashe Shi"

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa.

Duk ranar da labarin wani mummunan kisa ya ɓulla, bakinmu ɗaya ne: a kashe shi. Ko gawa ba a gama suturtawa ba mun riga mun zama ɗan sanda, mun zama alƙali, mun zama hauni. Ni ma na sha faɗar haka, kuma ba na ganin laifin wanda ransa ya ɓaci, domin zuciyar da ba ta tafasa idan an zubar da jinin bawan Allah ita ce abar tsoro. Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne sauƙin da kalmar nan take da shi a harshenmu, alhali mu ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu abin da ke bayanta ba.

Kada wani ya ɗauka zan ce ƙisasi zalunci ne. Allah Ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 179, cewa akwai rayuwa a gare mu cikin ƙisasi, kuma masu hankali Ya kira da zai faɗi haka. Uwar da aka yanka mata ɗa tana da haƙƙi, kuma duk mai wa'azin tausayin mai kisa da bai fara da hawayenta ba, bai san inda maganar ta dosa ba. Sai dai ku koma aya ɗaya baya, ta 178. A nan aka buɗe ƙofar afuwa da diyya, aka kira hakan sauƙi da rahama daga Ubangiji. Abin da ya fi girgiza ni a ayar shi ne, magajin wanda aka kashe, an kira shi ɗan'uwan mai kisan. Jini yana hannunsa, amma ba a cire shi daga 'yan'uwantaka ba. Malaman fiƙihu kuma suka gina ƙa'ida cewa ana kawar da hukunci mai tsanani idan shubuha ta shigo, domin shugaba ya yi kuskuren yafewa ya fi masa sauƙi da ya yi kuskuren hukuntawa. Mu kuwa mun haddace rabin maganar mun bar rabi.

Shubuhar nan ba tatsuniya ba ce. A Landan, wani direba mai suna Timothy Evans, wanda ko karatun kirki bai iya ba, an tuhume shi da kashe matarsa da 'yarsa jaririya. Da farko ya amsa laifi a hannun 'yan sanda, daga baya ya janye, ya ce maƙwabcinsa da suke gida ɗaya, John Christie, shi ya aikata. Wa zai yarda da shi? Christie ɗin ne ma babban mai ba da shaida a kansa, ga natsuwa, ga iya magana. Aka rataye Evans a watan Maris na 1950. Shekara uku bayan nan, a 1953, wani ɗan haya ya gano gawarwakin mata a ɓoye a bayan bangon ɗakin girkin Christie, aka kuma tono wasu a gidan, har da ta matar Christie kansa. A 1966 gwamnati ta yi wa Evans afuwa. Ku dubi kalmar da kyau: afuwa, ga mutumin da ya shekara goma sha shida a kabari. Wannan shari'a na cikin abin da ya sa Birtaniya ta dakatar da rataye masu kisan kai a 1965.

A Japan kuma, Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe, an yanke masa hukuncin kisa a 1968 kan kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya, bisa iƙrarin da aka tatsa daga bakinsa bayan kwanaki ana tsare da shi ana yi masa tambayoyi. A can ba a sanar da mai jiran kisa ranarsa sai da safiyar da za a zartar. Ku ƙiyasta mutum ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana jin takun ganduroba kowace safiya, bai san ko yau ce ba. An sake shi a 2014, kotu ta wanke shi a 2024 yana da shekara 88, ta ce an ƙirƙiri hujjojin da aka kama shi da su. Ya fito da ransa, amma hankalinsa ya riga ya taɓu. A Amurka, daga 1973 zuwa yau, sama da mutum 190 da aka yanke wa hukuncin kisa aka dawo aka wanke su. Waɗannan fa ƙasashe ne masu lauyoyi da ɗakunan gwaji da kuɗi. To ina ga inda bincike yake farawa da mari ya ƙare da sa hannu a takardar da mutum bai iya karantawa ba?

Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa, a ba shi haƙuri ko da bai wadatar ba. Wanda aka rataye kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Za ku ce ai kisa yana tsorata na baya. Mai yiwuwa yana tsorata wasu. Amma a 2012 wani kwamitin masana na majalisar bincike ta ƙasa a Amurka ya duba nazarce-nazarcen shekaru sama da talatin a kan wannan tambaya, ya ce babu wanda za a dogara da shi a ce hukuncin kisa yana rage kashe-kashe ko yana ƙara su. Abin da masana laifuka suka fi haɗuwa a kai shi ne, tabbacin za a kama ka ya fi tsananin hukunci hana ɓarna. Kuma ku da kanku kun sani, yaron da ya zaro wuƙa a tsakiyar faɗa, ga maye ga idon abokai a kansa, ba ya lissafin igiya.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ɗaure kai. Idan ba a kashe shi ba, kurkuku zai gyara shi? Muna cewa hali zanen dutse, kuma akwai lokacin da masana kansu suka kusa yarda da haka. A 1974 wani masani Ba'amurke, Robert Martinson, ya wallafa nazari kan shirye-shiryen gyaran fursunoni, duniya ta taƙaita shi da cewa babu abin da ke aiki. 'Yan siyasa suka rungumi maganar domin ta yi musu daɗi: a kulle, a jefar da makulli. A 1979 shi Martinson ɗin ya dawo ya ce ya yi gaggawa, wasu shirye-shiryen suna aiki. Janyewar ba ta samu masu sauraro kamar maganar farko ba, haka duniya take.

Ni amsar da ta fi gamsar da ni ba a littafin masana na same ta ba, a hadisin nan ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya kashe rai casa'in da tara. Ya je wurin wani mai bauta ya tambaye shi ko yana da tuba. Ya ce babu. Nan take ya cika ɗari da shi. Ku lura da wannan: mutumin da aka rufe wa ƙofa ba shi da sauran abin da zai yi asara, kuma na farko da zai cutar shi ne wanda ya rufe ƙofar. Sai aka nuna masa malami. Malamin ya ce wa zai shiga tsakaninka da tuba? Amma bai tsaya a kalma mai daɗi ba. Ya ba shi magani: ka bar ƙasarka, domin ƙasar mugunta ce, ka tafi wuri kaza, akwai mutanen da ke bauta wa Allah, ka zauna da su. Wato sauya mahalli, sauya abokan zama.

To ku auna wannan da yadda yawancin gidajen yari suke a duniya. An kwaso ɓarawon waya, da ɗan fashi, da mai kisa, da yaron da bai ma ga alƙali ba tukuna, an cusa su ɗaki ɗaya mai cunkoso, babu aiki, babu karatu, mai ƙarfi shi ne sarki. An ɗauki mutum daga ƙasar mugunta an kai shi hedikwatarta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ko an sauya allon bakin ƙofa an rubuta gidan gyaran hali, abin da ke ciki shi ke aiki, ba allon ba. Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta bi sawun fursunonin da aka saki a 2005 a jihohi 30, ta ga kashi 68 cikin 100 an sake kama su cikin shekara uku, kashi 83 cikin shekara tara.

Norway ta bi wata hanya. Ganduroba a can sai ya yi shekara biyu yana karatun aikinsa, kuma yana cin abinci tare da fursunoni, yana wasa da su. A kurkukun Halden da aka buɗe a 2010, fursuna na tashi da safe ya tafi aji ko wurin koyon sana'a kamar kowa. Hujjarsu mai sauƙi ce: mutumin nan gobe maƙwabcin wani ne. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke komawa cikin shekara biyu. Kada dai mu ruɗu da alƙaluman, domin ba ma'auni ɗaya ake amfani da shi ba, kuma Norway ƙasa ce mai arziki da 'yan mutane kaɗan. Amma ba sai da arzikin Norway ake koya wa mutum karatu ba. Cibiyar bincike ta RAND ta nuna a 2013 cewa fursunonin da suka shiga shirin ilimi sun fi waɗanda ba su shiga ba tsira daga komawa, da tazara mai yawa. Sannan shekaru kansu suna aiki: ta'asa ta fi yawa daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da 'yan kai, daga nan wutar tana lafawa. Dattijo mai shekara hamsin da ke kurkuku sau da yawa ba shi ne yaron da ya shiga yana da goma sha tara ba, sunan ne kawai ɗaya.

Duk da haka, ku kiyayi masu cewa kowa na gyaruwa. A Landan, a watan Nuwamba na 2019, wani da aka ɗaure kan shirya ta'addanci aka sake shi, ya halarci taron wani shirin ilimantar da fursunoni, a wurin ya daɓa wa matasa biyu masu hidimar shirin wuƙa har lahira. Akwai mai tuban muzuru, akwai wanda ya iya kwaikwayon nadama. Ita kanta Norway, mutumin da ya kashe rai 77 a 2011 ta yanke masa shekara 21, amma da sharaɗin ana iya ƙara masa muddin yana da haɗari, ko da har mutuwarsa ne. Yarda da cewa mutum na iya tuba daban, miƙa masa wuyan jama'a daban.

Kuma tuba ba ta goge tabo. Wahshi ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, daga baya ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. An karɓe shi, ciwon bai tafi ba. Wahshin nan kuma shi ne ya jefi Musailama da mashi a yaƙin Yamama. Don haka kada ku tilasta wa wanda aka kashe wa uba ya yi murmushi, kada kuma ku ce wanda ya kashe ba zai ƙara amfanar kowa ba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, yawancin waɗanda ke kurkuku za su fito, kuma cikinmu za su dawo. Ranar da ya fito, mai sana'a ya ƙi ɗaukarsa, dangi suka kawar da kai, mu kuma muka laƙa masa suna. Su wa ke jiransa da hannu biyu? Tsoffin abokansa. Sai mun zama mai bautar nan da ya ce babu tuba, sannan mu yi mamaki idan aka cika ɗari. Ba na ce ka ba shi makullin ɗakinka ba. Amma ka amsa sallamarsa, idan kana da hanyar aiki ka gwada shi da kaɗan ka sa ido. Idan kuma ka ga taro ya rufe wani ana ihun a kashe, ka sani Evans ma an yi masa shari'a da alƙali da lauya aka yi kuskure, balle taron da rabinsa bai san abin da ya faru ba. Kada hannunka ya ɗauki dutse. Wuƙar da kake sokewa a ƙugu da sunan kare kai kuma, ka ajiye ta a gida, domin da yawa daga masu jiran hauni ba su fito da niyyar kisa ba ranar da abin ya faru.

A watan Afrilu na 2014, a arewacin Iran, aka fito da wani saurayi bainar jama'a za a rataye shi. Shekara bakwai kafin nan ya soki wani matashi da wuƙa a faɗan titi. An ɗaure masa ido da baƙin ƙyalle, an ɗora shi kan kujera, igiya na wuyansa, yana kuka. Bisa dokar ƙisasi a can, iyayen mamacin ne ke da ikon ture kujerar. Uwar ta matso, ta ɗaga hannu ta sharara masa mari. Sannan ita da mijinta suka zare igiyar daga wuyansa. Mahaifiyar saurayin ta rugo ta rungume ta, su biyun suna ta kuka, ɗaya ɗanta ya tsira, ɗaya nata yana kabari tun 2007. Shi kuwa aka sauko da shi daga kujerar, aka mayar da shi kurkuku.