Ruwanda ta zama lafiya lau da ƙuri'ar majalisar Ingila

Akwai abin da har yau in na tuna shi sai in yi dariya, amma dariyar takaici. A watan Nuwamba 2023 kotun ƙoli ta Birtaniya, alƙalai biyar baki ɗaya, suka ce ba za a kwashi masu neman mafaka a kai su Ruwanda ba, domin akwai hatsarin daga can a sake tasa ƙeyarsu zuwa ƙasar da suka gudo. To me gwamnatin Rishi Sunak ta yi? Sai ta kai ƙudiri majalisa, a Afrilu 2024 aka yi doka wai Ruwanda amintacciya ce, kuma dole alƙalai su ɗauka haka. Wato ba Ruwanda aka gyara ba, takarda aka gyara.

Ni ba Ruwanda nake zagi ba, ƙasa ce da ta tashi daga kisan ƙare dangi na 1994 ta yi abin a yaba. Da Landan nake. Ita wannan Birtaniyar ce fa a Janairu 2021 ta tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva tana kiran Kigali da ta binciki kisan gilla da azabtarwa da ɓacewar mutane, shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga Priti Patel, ministar cikin gidan Birtaniya a lokacin, a Kigali tana sa hannu a yarjejeniyar kai masu neman mafaka Ruwanda ana murmushi ana ɗaukar hoto, kamar ba su ne suka yi waccan maganar ba. Kuma a lokacin da ake ta rantsuwa cewa can ɗin lafiya ce, ma'aikatar cikin gidansu tana ba wasu 'yan Ruwanda mafaka a Ingila. Ɗan ƙasa ya gudo kun yarda yana cikin hatsari, amma ɗan Sudan ko ɗan Afganistan da ya tsallako teku a kwale-kwalen roba shi ne zai je can ya samu kwanciyar hankali?

Alƙalan ma sun tuna musu abin da ya faru a 2018, da 'yan sandan Ruwanda suka buɗe wuta kan 'yan gudun hijirar Kongo na sansanin Kiziba da suka fito zanga-zanga saboda an rage musu abinci, aƙalla mutum 12 suka mutu. Suella Braverman kuwa, wadda ta gaji Patel a kujerar ministar cikin gida, kuma mahaifinta daga Kenya ya zo, cewa ta yi burinta ta ga jirgi ya tashi zuwa Ruwanda.

Jirgin dai bai tashi ba. Gwamnatin jam'iyyar Labour da ta gaji ta Sunak ta ce an ƙona fam miliyan 700, mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da son ransu.

Sai dai kar a yi saurin tafa wa Keir Starmer, wanda ya gaji Sunak a kujerar firaminista. Shi ne ya binne shirin a Yuli 2024 yana cewa wasan yara ne, amma a Mayu 2025 sai ga shi a Albaniya yana neman ƙasar da za ta karɓi waɗanda aka hana mafaka a ajiye su kafin a san inda za a yi da su. Magoya bayansa za su ce ai da bambanci, waɗannan an riga an saurari ƙararsu, kuma gaskiya ne akwai bambancin. Amma dai neman wata ƙasa mai ƙaramin ƙarfi a biya ta ta riƙe maka mutanen da ba ka son gani, shi ne dai wancan cinikin da ya zaga yana adawa. Firaministan Albaniya Edi Rama a gabansa ya ce su kam ba da su ba.