Wai Maharbi Bai Iya Kwance Tarko Ba

Akwai wani a garin nan da yake jan ragamar wasan Dungeons & Dragons (wasan labari ne da ake zama a teburi, kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo, kamar ɓarawo ko maharbi), kuma ya kafa doka a teburinsa cewa ɓarawo ne kaɗai zai taɓa tarko. Ba zan kira suna ba. Mu masu wannan wasa a Kano ba mu da yawa, duk wanda yake zama teburi daga Zoo Road zuwa Kabuga ya san inda na dosa.

Abin da ya sa na yi magana, wani yaro ne sabon shiga da ya zaɓi ya buga maharbi. Ya zauna ya tsara masa tarihi: a daji ya tashi, ubansa mafarauci, da tarko suke ci. Tafiya ta kai su kurmi, suka ci karo da igiyar da aka ɗana a hanya, yaron ya ce zai bi igiyar ya ga inda aka ɗaure ta ya sassauta. Sai wane ya ce a'a, ba aikinka ba ne, ba ka da kayan ɓarawo. Ko ƙwayar wasan, wadda ake jefawa lambar da ta fito ta nuna ko an yi nasara, bai bari ya jefa ba. Raga ta faɗo musu, aka yi wa yaron dariya, bai sake dawowa ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin da ƙyar muke samun masu sha'awar zama da mu, sannan wani ya kore su da dokar da babu ita.

Kuma bai tsaya nan ba, yana bi yana faɗa wa mutane cewa wasu tebura ba su san ƙa'ida ba, wai sun maida wasa tatsuniya. To tunda ƙa'ida ake so, bari mu buɗe ta.

Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, babu ɓarawo a ciki sam. Rukuni uku ne: mayaƙi, matsafi da malamin addini. Mutane suna tsallake tarko da sanda mai tsawon ƙafa 10 da kuma hankalinsu, su faɗi abin da za su yi, mai jan wasa ya yanke hukunci. Sai a 1975 ɓarawo ya shigo, maharbi ma a shekarar ya bayyana. Don haka tarko ya girmi ɓarawo a wannan wasa.

Na san inda wane ya tsinto maganarsa. A littafin dokokin wasan bugun 2003 an ce ɓarawo ne kaɗai zai iya gano tarkon da wahalarsa, wato lambar da sai ka kai kafin ka yi nasara, ta wuce 20, kuma shi kaɗai yake kwance tarkon tsafi. Da gaske ne an rubuta haka. Amma layi ɗaya ya karanta ya rufe littafin. Tarkon da bai wuce 20 ba kowa yana iya lalubo shi. Fasahar kwance tarko ma ba a haramta wa maharbi ita ba, tsada kawai take yi masa, yana biyan ninki biyu na makin koyon fasaha. A cikin wannan bugun dai an ba maharbi siddabaru na gano ramuka da tarkon igiya, aka kuma bayyana cewa ba ya gano tarko mai sarƙaƙiya. Masu rubuta dokar da kansu sun raba tarkon daji da tarkon gida.

Abin takaicin ma, ba bugun 2003 yake bugawa ba. Na 2014 yake bugawa, kamar yawancinmu. A nan kuwa an cire wannan katangar gaba ɗaya. Kayan ɓarawo kowa yana iya ƙwarewa a kansu idan asalin da ya zaɓa wa gwarzonsa, wato rayuwar da ya taso a ciki, ya ba shi. Wanda ya ɗauki asalin mutumin daji, da tarkon ƙarfe a jakarsa yake fara wasa. Tarkon ragar nan da ya faɗo wa yaron yana nan a littafin mai jan wasa: ganin igiyar 10 ne, tsinke ta lafiya 15 ne da kayan ɓarawo, wanda ba shi da kayan kuma zai iya gwadawa da wuƙa ko wani abu mai kaifi, sai dai ya jefa ƙwaya sau biyu a ɗauki ƙaramin. Yaron yana da wuƙa. Haƙƙinsa ne ya jefa, aka danne masa.

Mu bar littafi ma. Ɗan Kano ne zai ce wai wanda ya ɗana tarko bai san yadda ake kwance shi ba? A je a tambayi maharban da ke kewayen dajin Falgore. Mutumin da ya san reshen da aka lanƙwasa, ya san ƙasar da aka tona aka mayar, ya san ganyen da ya bushe a inda bai kamata ya bushe ba, shi za a ce ya koma gefe ya jira mai buɗe kwaɗo daga birni?

Ni a teburina ga yadda nake yi, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Tarkon igiya, rami da aka rufe da ciyawa, gungumen da aka rataye, tarkon ƙarfe, duk wannan maharbi ya jefa da fasaharsa ta zaman daji. In ya bayyana mini dabarar da ta shiga hankali, misali ya zunguri igiyar da doguwar sanda daga nesa, ba na ma sa shi jifa. Amma allurar dafi a cikin makulli, ko ƙarafan da ke cikin bango, ko rubutun tsafi a jikin ƙofa, wannan na ɓarawo ne da matsafi, maharbi ya ja baya. Ban taɓa ganin mai buga ɓarawo ya yi ƙorafin an ci masa rabo ba. Masu Pathfinder, wani wasa irin wannan, ma sun ga buƙatar, shi ya sa suka fitar da wani reshen maharbi da yake ajiye siddabaru ya karɓi sanin tarko.

Abin da ke damun wane ba doka ba ce. Abokinsa ne yake buga ɓarawo a kowane zama, ba ya son hasken ya koma kan wani, shi ke nan. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as, na san kafin magariba za a fara turo mini saƙo ana tambayar da wa nake.

Yaron nan kuwa na aika a kira mini shi. Ranar Asabar bayan la'asar muna zama, kujerarsa tana nan, kuma da maharbinsa zai zo, ba sai ya sake tsara wani ba.