Ɗan uwa, tafiyar awa ɗaya ce amma fa jirgi ne

Matasa 'yan uwana yau da ku nake, musamman waɗanda Allah ya ɗan buɗa musu suka fara hawa jirgin sama daga wannan gari zuwa wancan a cikin ƙasa, irin tafiyar nan ta minti hamsin ko awa ɗaya da ɗoriya, a kujerun ekonomi inda gwiwarka ke gogar bayan kujerar na gabanka. Akwai wani raini da ya shige mu game da irin wannan tafiya, wai ai gajeriya ce, kafin ka gyara zama an ce a ɗaura bel za a sauka. Shi ya sa za ka ga mutum ya shigo ya toshe kunnuwa da iyafis ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa bidiyo, ma'aikaciyar jirgi na tsaye a gabansa tana nuna yadda ake saka takunkumin oksijin amma ko kallo ba ta ishe shi ba, wai kada a ce yau ya fara hawa. Haba dai. Wa ya gaya mana sauraron bayani ƙauyanci ne?

Abin da ba ku lura da shi ba, gajeriyar tafiya kusan dukkanta tashi ne da sauka. Jirgi na gama hawa sama bai daɗe ba zai fara gangarowa, kuma yawancin haɗurran jirage a lokacin tashi da sauka suke faruwa, ba can tsakiyar sararin samaniya ba. Kenan mai tafiyar awa ɗaya da mai tafiyar awa goma duk tashi ɗaya sauka ɗaya za su yi. A watan Janairun 2009 wani jirgin US Airways ya tashi daga New York zai je Charlotte, tafiyar cikin gida a Amurka, 'yan mintuna da tashi tsuntsaye suka faɗa injinansa biyu duka suka mutu, matuƙin ya dire shi a kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki kuma duk sun tsira, amma da aka yi bincike sai aka tarar yawancin fasinjojin ba su saurari bayanin da aka yi musu kafin tashi ba, da yawa suka fito kan fikafikan jirgi a tsakiyar ruwan sanyi ba rigar ceto a jikinsu, alhali tana nan ƙarƙashin kujerar da suka tashi daga kai.

Maganar takunkumin oksijin ma haka take. A 2018 injin wani jirgin kamfanin Southwest na Amurka ya fashe, taga ta farfashe, iskar cikin jirgi ta fice, hotunan da suka fito daga baya sai ga mutane sun ɗora takunkumin a baki kawai hanci a waje, wani ma yana riƙe da waya yana ɗaukar kansa. Hanci da baki ake rufewa. Kuma da ake cewa ka fara saka naka kafin na yaron da ke kusa da kai ba rashin tausayi ba ne, a can sama wajen ƙafa 35,000 idan iska ta fice bai fi daƙiƙa 30 zuwa 60 ba hankalinka zai fara gushewa, kuma ba za ka ji zafi ba balle ka farga, sai dai hannu ya ƙi yin abin da ka sa shi. In ka sume waye zai saka wa yaron?

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne kaya. Wallahi son da muke wa jaka ya yi yawa. Kafin a amince wa babban jirgin fasinja ya fara aiki sai kamfanin da ya ƙera shi ya nuna za a iya kwashe kowa daga ciki a daƙiƙa 90, da rabin ƙofofin a rufe. Daƙiƙa 90 fa, ba minti 90 ba. To ka ƙaddara kai ne ka tsaya a tsakiyar wannan siririyar hanya kana kokawa da lokar sama za ka ciro jaka saboda laftof ɗinka na ciki, mutum nawa ne a bayanka suke shaƙar hayaƙi? Ga jakar kuma in ta fito tana iya yaga abin zamewar nan da ake hurawa a bakin ƙofa, shikenan ka kashe wa kowa hanyar fita. Ku tuna ranar 2 ga Janairun 2024 a filin jirgin Haneda da ke Tokiyo, jirgin Japan Airlines ya taso daga Sapporo, shi ma tafiyar cikin gida ce gajeriya, yana sauka ya yi karo da wani ƙaramin jirgin masu tsaron gaɓar teku, wuta ta kama. Mutum biyar daga cikin shida na ƙaramin jirgin sun rasu. Amma babban jirgin mai mutum 379, ƙofofi uku kacal aka iya buɗewa cikin takwas, na'urar magana ta lalace sai da ma'aikata suka koma ɗaga murya da lasifikar hannu, kuma kowa ya fita da ransa, jirgin ya ƙone ƙurmus. Abin da masana suka yi ta nanatawa shi ne mutanen sun bi umarni kuma sun bar kayansu. Ni a ganina wannan ba wayewar bature ko ta Bajapane ba ce, sanin haƙƙin na bayanka ne kawai, kuma ba a koyonsa ranar da wuta ta tashi. Katin shaidarka da wayarka da maganinka in kana sha, ka sa su a aljihu tun kafin a tashi, sauran duk a bar su.

Kana zama ka waiga ka ga ƙofar da ta fi kusa da kai, wataƙila ma tana bayanka ne, ka ƙirga layin kujeru nawa ne tsakaninku, don in hayaƙi ya cika ido ba ya aiki sai lalube. In an ba ka kujerar bakin ƙofar gaggawa kada ka tsaya murnar wurin miƙe ƙafa kawai, aiki aka ɗora maka, in ka san ba za ka iya ba ka ce a canza maka.

Bel kuma dan Allah a bar shi a ɗaure ko da fitilar da ke nuna a ɗaura shi ta mutu, a ɗan sassauta shi kawai. Akwai gargadar iska da ke zuwa sama tas ba hadari ba gajimare, na'urar matuƙi ma ba ta hango ta, kuma waɗanda ke jin ciwo kusan kullum su ne waɗanda ba su ɗaure ba, kai ya daki rufi. Ɗaga murfin taga lokacin tashi da sauka, miƙar da kujera, naɗe teburin gabanka, duk ba iyayi ba ne irin na ma'aikata, don a ga abin da ke faruwa a waje ne kuma na bayanka da na gefenka su samu hanya. Pawa bank kuma ba a saka shi a jakar da za a jefa ƙarƙashin jirgi, batirinsa in ya yi zafi yana kamawa da wuta, a cikin jirgi akwai mai gani ya kashe, a can ƙasa kuwa babu kowa. In ka ji wayarka ko cajarka ta ɗau zafi fiye da ƙima ko tana hayaƙi ka kira ma'aikata nan take, kunya ba ta da wuri a nan.

Sai zama da mutane, nan ma muna da gyara. Ekonomi wuri ne matsattse, kowa a takure yake ba kai kaɗai ba. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba me zai sa ka danna kujera baya da ƙarfi har ka zubar wa na bayanka ruwa a jiki? In dole ne ka waiga ka yi masa magana, ka kwantar a hankali. Na kujerar tsakiya ba shi da taga ba shi da hanya, a bar masa wurin ɗora hannu mana. Jaka ɗaya aka ce, kai ka shigo da uku ka cika loka, dattijuwar da ta shigo a ƙarshe tana ta zagaye da tata a hannu. Ga masu kunna bidiyo da ƙarar waya kamar a ɗakinsu suke, ga masu ɗaukar ma'aikaciya ko maƙwabcin da barci ya kwashe su watsa a TikTok ba izini, wannan cin mutunci ne ko da ka kira shi wasa.

Kuma in jariri ya fashe da kuka lokacin da jirgi ke gangarowa kada ka bi uwar da harara da tsaki. Kunnensa ne ke ciwo saboda canjin matsin iska, irin toshewar da kai ma kake ji, kai ka iya haɗiye yawu ko ka yi hamma ta buɗe, shi bai iya ba. Uwar ta fi ka shiga damuwa. Ma'aikatan ma a gajeriyar tafiya mintuna kaɗan gare su su bi mutum sama da ɗari, to in ba a zo kanka da wuri ba ba raini ba ne, kuma in jirgi ya yi latti ba su suka riƙe shi ba, sau da yawa jirgi ɗaya ne ke ta kai da kawowa tun safe, in ya makara a zangon farko ya makara har dare. Ka yi ƙorafinka ga kamfani a rubuce, wannan haƙƙinka ne, amma yi wa yarinyar da ke miƙa maka ruwa ihu ba jarumta ba ce.

Na ƙarshe da ke ba ni dariya da takaici, taya na taɓa ƙasa sai ka ji ƙas ƙas ana kwance bel, mutane sun miƙe suna buɗe loka jirgi na tafiya. Birki ɗaya matuƙi zai taka ka kife kan wani ko jaka ta faɗo wa yaro a ka. Ƙofa dai ba za ta buɗe ba sai jirgi ya tsaya cak an kawo matakala, sai ka ƙare a tsaye wuya a karkace ƙarƙashin loka har minti goma, sannan in kana da kaya a ƙasa ku sake haɗuwa da wanda ka bangaje a wurin jiran jaka, wani lokacin ma tasa ta riga taka fitowa.