Tambayar da 'yata ta yi mini a gaban tunkiya Dolly

Duk shekara idan hutun Ista ya kama, birnin Edinbara da ke Sikotlan yakan shafe kimanin mako biyu yana bikin kimiyya, bikin da aka fara tun shekarar 1989 kuma ake lissafa shi cikin na farko irinsa a duniya. Babban gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Chambers yana daga cikin wuraren da iyalai suka fi yi wa tsinke a wannan lokaci, domin shiga kyauta ce, ko da yake wasu darussan da ake shirya wa yara sai da tikiti. Na kai iyalina, kuma abin da na gani ne ya sa nake wannan rubutu, musamman domin 'yan uwana iyaye maza. Ra'ayina shi ne, uban da ya kai 'ya'yansa irin wannan wuri sannan ya koma gefe yana danna waya, ya yi asarar mafi yawan abin da ya kai su nema.

Ni ma da haka na fara, ina bin yaran a baya ina ɗaukar hoto, har muka isa wasu kujeru da aka ɗaure wa igiya, inda yaro zai zauna ya ja ya ɗaga kansa sama. Ɗana mai shekara bakwai ya gwada kujera ta farko ya sha wuya, ya koma ta kusa da ita sai ga shi ya tashi cikin sauƙi, ya juyo ya ce, "Baba, me ya sa wannan ba ta da nauyi?" Dole na mayar da wayar aljihu, muka tsaya muna ƙirga sau nawa igiyar kowace kujera ta zagaya ƙafafun ƙarfen da ke sama. Wadda igiyarta ta fi yawan zagaye ita ce mai sauƙi, domin nauyin ya rarrabu a kan igiyoyi da yawa, sai dai kuma mutum zai ja igiya mai tsawo kafin ya tashi. Na yi shekaru ina jan guga a rijiya ina yaro, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba sai ranar.

Inda muka fi daɗewa shi ne gaban akwatin gilashin da aka ajiye Dolly, tunkiyar da aka haifa ranar 5 ga Yulin 1996 a Cibiyar Roslin da ke kusa da birnin, wadda ita ce dabba mai shayarwa ta farko da aka samar daga ƙwayar jikin babbar dabba ba tare da barbara ba. Bayan mutuwarta a watan Fabrairun 2003 aka gyara fatarta aka tsayar da ita, ga ulunta nan kamar mai rai. 'Yata mai shekara goma ta karanta allon bayani, ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, to wane rago ne ubanta? Kuma ba Allah ne kaɗai yake halitta ba?"

Na ji nauyin tambayar nan, kuma abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce mata mu tafi, lokacin salla ya gabato. Na san iyaye da yawa daga cikinmu haka za su yi, da kyakkyawar niyyar kare imanin yaro. Amma a ganina wannan kuskure ne babba, domin yaron da aka ja hannunsa aka janye daga tambaya zai ɗauka akwai abin da ake tsoro a cikinta, kuma zai je ya nemi amsa a intanet shi kaɗai, inda babu mai tace masa.

Sai muka zauna a kan benci muka bi labarin daki-daki. Masana kimiyya na Cibiyar Roslin, Ian Wilmut da Keith Campbell da abokan aikinsu, sun ɗauki ƙwaya daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, suka samo ƙwan wata tunkiyar suka cire cibiyarsa mai ɗauke da bayanan gado, suka haɗa biyun da ɗan bugun lantarki, sannan suka dasa abin da ya fara girma a mahaifar tunkiya ta uku. Sau 277 suka yi wannan haɗi, guda ɗaya tak ya kai ga haihuwa. Tunkiyar da ta ɗauki cikin baƙar fuska gare ta, Dolly kuwa ta fito da farar fuska irin ta mai hantsar, kuma na nuna wa 'yata farar fuskar da yatsa. Na gaya mata cewa ƙwayar da suka ɗauka rayayya suka same ta, ƙwan ma haka, mahaifar ma haka, babu ko ɗaya da suka samar daga babu, abin da suka yi shi ne sarrafa abin da Allah ya riga ya halitta. Na kuma faɗa mata gaskiya cewa ko ya dace a yi irin wannan aiki, da kuma iyakar da ya kamata a tsaya, magana ce da malaman addini da masana suke tattaunawa har yanzu, kuma za mu tambayi malaminta na Islamiyya tare. Hankalinta ya kwanta, har ta ƙara da tambayar ko Dolly ta haihu, muka duba muka ga 'ya'ya shida ta haifa ta hanyar da kowace tunkiya ke haihuwa.

Daga nan muka wuce teburin da wasu matasa masu aikin sa kai suke nuna wa yara yadda ake fitar da sinadarin gado na DNA daga 'ya'yan itace. Ana dama ɗan itacen a cikin leda, a zuba ruwan sabulun wanke-wanke da gishiri, a tace, sannan a tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kofi. Sabulun ne ke fasa tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin ɗan itacen saboda maiƙo ne ya yi shi, gishirin ya taimaka wa zaren ya dunƙule, sifirit kuwa ba ya narkar da shi, shi ya sa yake tasowa fari yana yauƙi kamar kuɓewa. Na lura da kyau, yaran da iyayensu suka durƙusa tare da su sun fi daɗewa kuma sun fi yin tambaya, waɗanda aka bari su kaɗai kuwa da sun ga farin zaren sai su ruga teburi na gaba.

Wani zai ce ai wannan sai a Turai. Kayan aiki kam sun fi mu, amma uban da ya tsaya da ɗansa a marinar Ƙofar Mata a Kano, suka kalli yadda zane ke fitowa daga ruwan baba yana kore-kore sannan iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi, ya tsaya a gaban darasin kimiyya cikakke, muddin zai bar yaron ya tambaya kuma ya taya shi neman dalili wurin marina.

Da muka koma gida 'yata ta matsa sai mun maimaita gwajin da ayaba. Na farko bai yi ba domin sifirit ɗinmu bai yi sanyi ba, muka saka shi a firji muka sake washegari, zaren ya taso, ta naɗe shi a tsinken sakace ta kai wa mahaifiyarta a kicin.