Mai afasiya bai zauce ba

Idan mutum ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kasa magana, ko ya ce "kofi" alhali takalmi yake nufi, sai ka ji ana raɗa cewa ya zauce, wasu ma su ɗora wa aljanu. Hankalinsa yana nan daram. Likitoci na kiran larurar afasiya, kuma tana zuwa ne idan sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa magana ya samu rauni, galibi a ɓangaren hagu. Kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki suna fama da ita. Tun a 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba majinyacin da ba ya iya furta komai sai "tan", amma yana gane abin da ake faɗa masa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tattauna lamarin dattijo a gabansa kamar ba ya wurin, ko a daina shawara da shi. Kaɗaicin nan yana ƙara danne maganar.

Shi ya sa zaman taimakon juna yake da amfani. A birnin Toronto na Kanada, Pat Arato ta kafa cibiyar masu afasiya a 1979 bayan ciwon ya sami mijinta. A irin wannan zama ana hira da hoto, rubutu da nunin hannu, a jira kowa ya lalubo kalmarsa, ba mai ƙarasa masa zance.